Bayan Ɗage Takunkumi: Ina Dangantakar ECOWAS da Nijar Ta Kwana?

A ranar 24 ga Fabrairu, 2024, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, suka zauna a Abuja suka ɗage mafi yawan takunkumin da suka ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar kusan watanni bakwai kafin nan. Ranar 13 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin Najeriya na ƙasa da na sama tare da mayar da wutar lantarkin da aka katse, sannan a ranar 22 ga watan hukumomin Yamai suka buɗe nasu ɓangaren. Wanda ya tsaya ga sanarwar gwamnati zai ɗauka magana ta mutu ke nan. Amma mu mazauna arewacin Jigawa, inda da wuya ka shiga gida a Maigatari, Sule Tankarkar ko Babura ba ka tarar da mai ɗan'uwa ko suruki a ƙasar Damagaram ba, mun san cewa hanya kawai aka buɗe. Yardar da ke tsakanin gwamnatocin biyu ba ta dawo ba, kuma dokar da ta daɗe tana tsare wa talaka haƙƙin tsallaka iyaka ta yi rauni irin wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba tukuna.

Sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa ne suka tsare shugaban Nijar, Muhammad Bazoum, a ranar 26 ga Yuli, 2023, kuma bayan kwana biyu kwamandansu, Janar Abdurrahman Tiani, ya bayyana a matsayin sabon shugaba. A lokacin Tinubu bai cika wata guda da karɓar shugabancin ECOWAS ba, kuma ya karɓa ne da alkawarin cewa ba za a ƙara lamuntar juyin mulki ba, bayan abin da ya faru a Mali, Gini da Burkina Faso. Saboda haka taron 30 ga Yuli ya zo da zafi: aka rufe iyakoki, aka hana jiragen sama shiga da fita, aka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, aka riƙe dukiyar gwamnatin Nijar da ke babban bankin yankin, sannan aka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa ko a yi amfani da ƙarfi. Ranar 10 ga Agusta kuma aka ba da umarnin shirya dakarun ko-ta-kwana.

Akwai abin da ya bambanta wannan takunkumi da wanda aka sa wa Mali daga Janairu zuwa Yulin 2022, kuma a nan ne nake ganin ɓarnar ta faro. A na Mali an ware abinci, magani, man fetur da wutar lantarki, an ce ba su cikin abin da aka hana. A na Nijar ba a ware komai ba. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, wadda a lokacin mafi yawan kayanta suke shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano a ƙasar Benin su bi ta gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kuma a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da take amfani da ita daga Najeriya take saye. Cikin 'yan kwanaki manyan motoci suka yi layi na kilomitoci a bakin waccan gada, wasu ɗauke da magunguna da abincin agaji, yayin da Yamai, Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu. A watan Oktoba gwamnatin soja ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa tiriliyan 1.98. Ta fuskar tattalin arziki, takunkumin ya yi cizo sosai. Ta fuskar siyasa kuwa, bai samar da ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka sa shi dominsu ba.

Lissafin masu sa takunkumi a kullum shi ne, idan wahala ta yi yawa jama'a za su juya wa masu mulki baya. Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan jama'a sun ɗora alhakin wahalar a kan masu mulkin. A Nijar, mai jinya da ya ga asibiti babu wuta bai tsaya tambayar wanda ya fara laifi ba. Ya san dai daga Najeriya aka kashe layin. Aka kuma haɗa takunkumin da barazanar yaƙi a daidai lokacin da Faransa, wadda take da sojoji kusan 1,500 a ƙasar, take fitowa fili tana goyon bayan matakin ECOWAS. Sojojin Yamai ba su sha wahalar shawo kan jama'a cewa tsohuwar uwargijiya ce ke turo maƙwabta ba. Filin wasa na Janar Seyni Kountché ya cika maƙil a ranar da wa'adin ya ƙare, kuma mutanen da wataƙila ba su da ra'ayin mulkin soja suka sami kansu cikin layin masu kare ƙasa.

A wannan ɓangare na iyaka ma batun yaƙi bai sami karɓuwa ba. Jihohi bakwai ne suke maƙwabtaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a kan iyakar da ta haura kilomita 1,500, wadda Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1890 da 1906 ba tare da shawarar kowa ba. Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa a ranar 5 ga Agusta da ya bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa sun fito sun faɗi ƙin amincewarsu. Abin lura shi ne waɗanda suka iya buɗe ƙofar Tiani a waɗancan makonni. Tawagar ECOWAS ta farko, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta dawo ba ta gana da shi ba. Khalifa Muhammadu Sanusi II ya gana da shi ranar 9 ga Agusta tare da rakiyar Sultan na Damagaram, bayansa malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je, kuma sai bayan waɗannan ziyarce-ziyarce ne Abdulsalami ya koma ranar 19 ga watan ya ga Tiani, ya kuma ga Bazoum. Wato sarauta da malanta sun isa inda takardar ƙungiya ta kasa isa. Ya kamata wannan ya nuna wa Abuja tun a lokacin cewa jarin da take da shi a Nijar na zumunci ne, kuma shi ne abin da take ƙonawa.

Batun wutar lantarki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne raunin da zai fi daɗewa bai warke ba. Tun cikin shekarun 1970 Najeriya take sayar wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ƙara na Katsina da ke ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram. Fahimtar da aka daɗe ana ambato ita ce, Najeriya tana bayar da wuta ne domin kada Nijar ta datse Kogin Kwara a sama ta rage ruwan da ke isowa madatsar Kainji da ta Jebba. An yi juyin mulki a Yamai a 1996, an yi a 1999, an yi a 2010, layin bai mutu saboda siyasa ba. Ko a lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wuta ta ci gaba da tafiya. Da aka katse ta a 2023, an nuna wa duk wanda zai mulki Nijar nan gaba, soja ne ko farar hula, cewa dogaro da Najeriya hatsari ne. Daga nan duk wani mai tsara makomar ƙasar zai fi mayar da hankali ga kammala madatsar Kandaji a jihar Tilaberi, da tashar hasken rana ta Gorou Banda, da kwal ɗin da ƙasar take da shi. Ba laifi ba ne ƙasa ta nemi tsayawa da ƙafarta, amma manomin rani a Kebbi da injiniyan Kainji suna da dalilin damuwa idan aka gina madatsa a sama cikin fushi maimakon cikin shawara.

Wanda yake son ganin yadda takunkumi yake sauka a kan mutane, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A kwanakin lafiya, tun daren Laraba garken shanu, raƙuma da tumaki suke kwararowa daga wajen Dungas da Magarya, dillalai suna zagaye kara da sanda a hannu, 'yan canji sun shimfiɗa tabarma da damin naira a gefe guda, jakunkunan sefa a ɗaya gefen, tireloli kuma sun jeru suna jiran lodin da zai nufi Legas da Fatakwal. Wake, riɗi, aya, dabino da kanwa suna saukowa. Masara, garin rogo, siminti, atamfa da kayan roba suna haurawa. Da aka rufe iyaka, dabbobi ba su daina zuwa gaba ɗaya ba, domin babu katanga tsakanin gonar mutumin nan da ta ɗan'uwansa na can. Abin da ya faru shi ne, ciniki ya bar titi ya koma ɓarauniyar hanya. Buhun da mota take ɗauka a da ya koma bayan babur ko amalanke, kowane shinge da aka ci karo da shi a daji yana da nasa rabo, kuma duk wannan kuɗi a kan mai saye yake ƙarewa. Babban ɗan kasuwa mai jari da sanayya ya sami hanyarsa. Wanda ya rasa abin yi shi ne ɗan dako, mai tuwo-tuwo, ɗan kamasho da ƙaramin dillalin da la'adar Alhamis take ciyar da gidansa har mako ya zagayo. Tsohuwa mai son zuwa ta'aziyyar ƙanwarta a ƙauyen da ake hango rumbunansa daga nan sai da ta biya kuɗin babur ninki, ta bi ta cikin gero kamar mai laifi.

Ba wannan ne karon farko ba, kuma mutanen can ba su manta ba. An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986 a daidai lokacin fari, har wasu yankunan Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan shugaban Najeriya na wancan zamani. An sake rufewa a 2019, har da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a Disambar 2020, tare da Seme, Illela da Mfum. Idan jami'an Yamai suka ce Najeriya takan rufe ƙofa duk lokacin da ta ga dama, suna da tarihin da za su nuna.

Shi ya sa ɗage takunkumin ya zo a makare. Tun 16 ga Satumba, 2023, Mali, Burkina Faso da Nijar suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar tsaron juna ta Liptako-Gurma, wadda ta haifi ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairu, 2024, suka sanar da ficewa daga ECOWAS. Sai bayan wannan sanarwa, da kuma roƙon da Janar Yakubu Gowon ya yi, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, aka ɗage takunkumin, aka ce saboda jinƙai. A idon Yamai wannan ja da baya ne, domin ba a saki Bazoum ba, ba a kuma tsayar da ranar zaɓe ba. Ƙungiyar ta yi barazanar da ba ta iya cikawa ba, sannan ta janye hukuncin da bai yi aiki ba, ba tare da ta karɓi komai ba. Ranar 6 ga Yuli, 2024, shugabannin ukun suka haɗu a Yamai suka mayar da ƙawancensu tarayya. ECOWAS ta naɗa shugaban Senegal, Bassirou Diomaye Faye, da na Togo, Faure Gnassingbé, su shiga tsakani, amma hakan bai sauya komai ba. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanadi wa'adin shekara guda ga mai son fita, kuma a ranar 29 ga Janairu, 2025, wa'adin ya cika. Ƙungiyar da take da ƙasashe 15 ta koma 12.

A nan ne abin da ya fi damuna yake. Tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ECOWAS damar shiga wata ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, daga baya aka ƙara haƙƙin zama da na kafa sana'a. Akwai tsarin da ya yafe harajin fito ga amfanin gona, dabbobi da kayan da aka sarrafa a cikin yankin. Akwai shawarar 1998 da ta tsara shige da ficen makiyaya da takardar shaidar garkensu, wadda a ƙarƙashinta Fulanin da ke saukowa fadamun Haɗeja da rani suke da matsayi a doka. Mutuminmu bai san sunayen waɗannan takardu ba, kuma jami'in kan hanya ya sha take su, amma suna nan a matsayin abin da za a kafa hujja da shi idan an zalunce ka. Yanzu Nijar ba ta cikinsu. Abin da ya maye gurbinsu sanarwa ce guda biyu, kowacce daga ɓangare ɗaya. A Disambar 2024 ƙasashen AES suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba, amma suka riƙe ikon hana duk wanda ba su so. Ita kuma ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su bar su su yi zirga-zirga da ciniki kamar da, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gaskiyar halin da muke ciki. Haƙƙin mai shayi ɗan Tawa da ke zaune a Kano, da na ɗan kasuwar Gumel mai shago a Damagaram, ya tashi daga doka ya koma alfarma, kuma alfarma ana iya janye ta da sanarwar rediyo guda ɗaya.

Alamomin hakan sun fara bayyana. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da shinkafa da sauran hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Maris na 2025 ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje, kuma kayan ƙasashen ECOWAS suna ciki. A watan Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Yamai ta dakatar da fitar da dabbobi domin ta saukar da farashin ragon layya a gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilin da za a iya fahimta, kuma Najeriya ma ta tare motocin hatsi a kan iyaka a farkon 2024 lokacin da faɗuwar naira ta sa masu riƙe da sefa suke kwasar kaya a Dawanau da araha. Amma makiyayin Tanut da ya yi shekara yana kiwon rago domin kasuwar Najeriya shi ya yi asara, haka ma magidancin Ringim da ya tarar da farashi ya fi ƙarfinsa. A da akwai zauren da za a kai ƙara idan maƙwabci ya yi irin wannan. Yanzu babu.

Yana da kyau a lura cewa ba daga kowace ƙungiya sojojin Yamai suka fita ba. Har yanzu Nijar tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa, kuma babban bankin da ya riƙe mata kuɗi a 2023, mai hedikwata a Dakar, shi ne dai babban bankinta. Sun kori sojojin Faransa a Disambar 2023, na Amurka suka kammala ficewa a Satumbar 2024, masu horarwa daga Rasha suka iso, amma ba su taɓa kuɗin da ke ɗaure da yuro ba. Wannan yana nuna cewa suna auna riba da asara, ba fushi kaɗai ke jan su ba, kuma wanda yake lissafi ana iya zama da shi a yi ciniki. Haka nan yadda suka bambanta Najeriya da Benin yana da ma'ana. Sun buɗe iyakarsu da mu cikin kwana tara da buɗe tamu, amma suka bar gadar Gaya a rufe bisa zargin cewa Benin tana ɓoye sansanonin Faransa, duk da cewa bututun ɗanyen mansu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem a gaɓar tekun Benin yake ƙarewa. Sun gwammace kayansu su sauka a Lome su ratso Burkina Faso da rakiyar soja, hanya mai tsawo, mai tsada, mai hatsari. Ba za su iya yi wa Najeriya haka ba, domin Maraɗi, Damagaram da Difa kasuwannin Kano, Katsina da Maiduguri suke kallo, ba Yamai ba.

Ta fuskar tsaro dangantakar tana tafiya tana dawowa. A Agustan 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Musa Salau Barmu, suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna. Bayan wata huɗu Tiani ya yi hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasarsa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa wajen ɗaure wa 'yan bindigar Lakurawa gindi domin a hargitsa Nijar. Gwamnatin Najeriya ta musanta, kuma mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya mayar da martani shi ma da Hausa. Ba a gabatar da hujjar da za ta tabbatar da zargin ba, amma muryar ta yi yawo a wayoyin mutane a kowane dandali da majalisar shayi a nan, kuma wasu sun gaskata. Ya kamata a gane cewa ba jakadu aka yi wa wannan hira ba, mu aka yi wa. Shugaban wata ƙasa yana iya magana kai tsaye da miliyoyin 'yan Najeriya cikin harshensu, ya tarar da kunnen da tsadar rayuwa da rashin tsaro suka riga suka shirya masa. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, alhali ƙasashen AES sun riga sun sanar da shirin kafa tasu rundunar mai dakaru 5,000. A Afrilu kuma ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu. Jigawa ta fi maƙwabtanta na yamma zaman lafiya, kuma muna gode wa Allah a kan haka, amma ɗan bindigar da ya san sojojin ɓangarorin biyu ba sa musayar labari ya sami wurin fakewa, ko a dajin Sakkwato ne ko a bakin Komadugu.

Duk abin da na faɗa a kan kuskuren ECOWAS ba wanke sojojin Yamai ba ne. Bazoum zaɓaɓɓen shugaba ne, kuma karɓar mulkinsa daga Mahamadou Issoufou a 2021 shi ne karon farko da farar hula ya miƙa wa farar hula ta hanyar zaɓe a tarihin ƙasar. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Disambar 2023 cewa tsare shi ya saɓa doka, ta ce a sake shi, aka yi biris. Tiani da ya yi maganar shekara uku a Agustan 2023, an rantsar da shi a Maris na 2025 a kan wa'adin shekara biyar da za a iya tsawaitawa, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Hare-hare a jihar Tilaberi ba su tsaya ba, alhali da sunan tsaro aka yi juyin mulkin. Wanda yake ƙaunar mutanen Nijar bai kamata ya rufe ido a kan waɗannan ba don kawai yana jin haushin Faransa. Ita ma ECOWAS tana da ƙa'idar 2001 da ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba, kuma ta taɓa tilasta ta a Gambiya a 2017. Inda ta zubar da mutuncinta shi ne shirun da ta yi lokacin da shugabannin Gini da Kwaddibuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020, sannan ta zare takobi a kan soja. Mai hukunci da ya zaɓi wanda zai hukunta, ba a daɗewa ana jin maganarsa.

Komawar Nijar cikin ECOWAS ba abu ne da ake hangowa kusa ba, kuma ci gaba da jiran hakan ɓata lokaci ne. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar ƙungiyar, Omar Alieu Touray, ya zauna da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku a Bamako, suka amince a fara tattauna yadda za a zauna bayan rabuwa. Akwai misalin da za a duba: Muritaniya ta fice a shekarar 2000, amma a 2017 ta sa hannu a kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar. Sai dai shekara 17 ta yi yawa ga mutumin da gonarsa take a kan layin iyaka. Tattaunawar ƙasashe 12 da ƙasashe 3 za ta yi ta jan ƙafa, domin abin da ya dami Senegal game da Mali daban yake da abin da ya dami Benin game da Nijar, kuma babu ɗaya a cikinsu da take da abin da za ta rasa kamar Arewacin Najeriya.

Saboda haka ra'ayina shi ne Najeriya ta yi tafiya biyu a lokaci guda: ta ci gaba da zama a teburin ECOWAS, amma ta ɗaure nata al'amarin da Nijar a rubuce, ƙasa da ƙasa. Ba sabon gini ake buƙata ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, hedikwatarta a Yamai, ta ma girmi ECOWAS da shekara huɗu. A ƙarƙashinta aka yi yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa, ciki har da ƙarshen Komadugu Yobe, wanda ruwansa daga madatsun Tiga da Challawa yake tasowa ya ratsa Haɗeja kafin ya isa gonakin tattasai na Difa. Abin da ake buƙata daga wannan hukuma shi ne yarjejeniya mai sa hannu wadda za ta faɗi takardar da mazaunin kan iyaka zai nuna ya wuce, ta tsara hanyar makiyaya da lokacin saukowarsu, ta wajabta wa kowane ɓangare sanar da ɗaya kafin ya hana fitar da hatsi ko dabbobi, ta kuma bayyana ƙarara cewa wuta, magani da abinci ba za su ƙara zama makami ba komai tsananin saɓanin siyasa. Wannan sharaɗi na ƙarshe zai yi wa Abuja nauyi, domin yana nufin ta ɗaure hannunta ko da ECOWAS ta sake yanke irin hukuncin 2023, amma ban ga wata hanyar da za ta sa Yamai ta sake sakin jiki ba.

Tsarin mulki ya bar harkokin waje a hannun gwamnatin tarayya, amma sanatoci da 'yan majalisar wakilai na jihohin nan bakwai suna da bakin magana, kuma sun nuna a Agustan 2023 cewa idan suka haɗa kai ana sauraronsu. Gwamnonin Jigawa, Katsina da Kano, da masarautun Gumel, Kazaure da Daura, da shugabannin kasuwannin Maigatari da Dawanau, su ne suka san inda takalmin yake matsi, kuma su ya kamata su riƙa tambayar ina aka kwana a kan alkawarin Afrilun 2025. Akwai ma dalilin gaggawa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. An tsara shi ne a lokacin da ƙasashen biyu suke ƙarƙashin dokar ciniki guda, da niyyar janyo kayan Nijar daga Kwatano zuwa tashoshin Legas. Kafin jirgin farko ya tsallaka Jibiya, dole a san harajin da za a caji kayan da ke cikinsa, da takardar da fasinja zai riƙe, da wanda zai raba gardama idan ɗaya ɓangaren ya wayi gari ya rufe tasha.